DARASIN KIWON LAFIYA: Yadda Ɓoyayyen Kumburi Ke Gurgunta Kitse Mai Kyau

A da, in aka ambaci ciwon zuciya, mutanen karkara sukan ce ai wannan ciwon masu kuɗi ne, mazauna birni masu wuni a kujera. Manomin Ɗambatta ko Kunci ko Tsanyawa gani yake abin bai shafe shi ba. Yana noma, yana tafiyar ƙasa, abincinsa tuwon dawa da miyar kuka. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana, amma da saura.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kusan mutum miliyan 18 ne suka mutu saboda cututtukan zuciya da hanyoyin jini. Fiye da kashi 3 cikin 4 na waɗannan mamata a ƙasashe masu tasowa suke. A nan gida kuma, a shekarar 2010 wasu likitoci suka fitar da sakamakon awon da suka yi wa mutum 300 a Katsina. Dukkansu a tsaye suke, suna ganin lafiyarsu lau. Amma 1 cikin 4 yana da hawan jini. Kusan 6 cikin 10 kuma suna da ƙarancin wani abu da ake kira kitse mai kyau.

Darasin wannan wata a kan wannan kitse mai kyau yake. Zai bayyana aikinsa a jiki, da abin da ke raunana shi, da abin da magidanci da uwargida za su yi don kare zuciyarsu.

ZUCIYA DA HANYOYIN JINI

Zuciya tsoka ce da girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Aikinta tura jini zuwa ko'ina a jiki. Tana bugawa kamar sau 100,000 a kwana guda, ba hutu, tun kafin a haifi mutum har ranar da wa'adinsa ya cika.

Duk wanda ya ga noman rani a Watari ta Bagwai, ko a dam ɗin Tomas wajen Ɗambatta, zai gane yadda jini ke tafiya. Akwai babbar magudana, akwai ƙanana masu kai ruwa kowace fangali. In yashi da ciyawa suka toshe ƙaramar magudana, fangalin da take shayarwa sai ta bushe.

Ita ma zuciya tana da nata ƙananan hanyoyin jini masu ciyar da ita. Faɗinsu milimita 3 ne zuwa 4, wato kamar kaurin karan gamba da ake saƙa zana da shi. In ɗaya ta toshe, ɓangaren zuciyar da take ciyarwa sai ya mutu. Wannan shi ne bugun zuciya mai kayar da mutum farat ɗaya. In kuwa hanyar da ta toshe ta ƙwaƙwalwa ce, sai a sami shanyewar ɓarin jiki.

MENE NE KITSEN JINI?

A cikin jinin kowane mutum akwai wani irin maiƙo da likitoci ke kira kolestarol. Siriri yana da shi, mai ƙiba yana da shi. Mafi yawansa hanta ce ke yi. Sauran kuma daga abincin da ya fito daga dabba ake samunsa, kamar nama da ƙwai da man shanu.

Jiki ba ya rayuwa sai da wannan maiƙo. Da shi ake gina bangon ƙwayoyin halittar jiki. Da shi hanta ke yin ruwan matsarmama mai narkar da abinci. Da shi kuma jiki ke yin sinadaran balaga da na haihuwa. Matsala tana zuwa ne in ya yi yawa, ko in ya zauna inda bai kamata ba.

Kowace uwargida ta san mai da ruwa ba sa haɗuwa. Jini kuwa yawancinsa ruwa ne. Don haka wannan maiƙo ba ya iya tafiya cikin jini shi kaɗai. Sai an ɗauke shi.

JAKIN KAI KAYA DA JAKIN KWASHEWA

Mutanen ƙasar Kano sun daɗe da sanin amfanin jaki da mangala. Da rani jaki ke kwashe taki daga gida da turke ya kai gona. Gida ya yi tsabta, gona ta amfana. A cikin jini ma akwai masu dakon maiƙo iri biyu da za a iya kwatanta su da jakuna.

Na farko shi ne jakin kai kaya. A takardar awo ta asibiti ana rubuta shi da haruffa uku, LDL. Shi ke ɗauke da maiƙon da ake kai wa sassan jiki. In ya yi yawa, sai ya riƙa kutsawa cikin bangon hanyar jini yana sauke kaya a can. Kayan su taru shekara da shekaru, su zama tudu, hanya ta ƙuntata. Shi ya sa ake ce masa mugun kitse.

Na biyu shi ne jakin kwashewa. Ana rubuta shi HDL. Shi ke bin hanyoyin jini yana tsince maiƙon da ya yi saura, ya mayar wa hanta. Hanta ta juye shi cikin ruwan matsarmama, ya bi hanji ya fita. Shi ne kitse mai kyau.

Jakin kwashewa yana da wasu ayyuka biyu bayan dako. Yana ɗauke da wani sinadari mai hana mugun kitse lalacewa. Kamar yadda tsohon mai yake lalacewa ya canja wari, haka mugun kitse yake lalacewa a bangon hanyar jini, kuma lalataccen ya fi ɓarna. Har ila yau yana kwantar da bangon hanyar jini, ya sa ta yi laushi da santsi.

MENE NE KUMBURI?

In ƙaya ta soki manomi a ƙafa, wurin yakan yi zafi, ya tasa, ya yi ja, ya yi raɗaɗi. Wannan shi ne kumburi. Alama ce cewa sojojin jiki, wato fararen ƙwayoyin jini, sun taru suna yaƙi da ƙwayoyin cuta. Mugunyar da ke fita gawarwakin wannan yaƙi ce. In an ci nasara sai sojoji su koma, wuri ya warke. Irin wannan kumburi rahama ce daga Allah. Ba don shi ba, da ƙaramin rauni ya isa ya kashe mutum.

Akwai kumburi iri na biyu. Shi ba a ganinsa da ido, galibi ma ba a jin zafinsa. Yana faruwa ne in yaƙin ya ƙi ƙarewa. Sojoji ba su koma ba, kullum a shirye, wata da watanni, shekara da shekaru. Na farko kamar wutar kara yake, ta tashi bal-bal ta mutu. Na biyu kamar wutar da ta shiga tarin ƙaiƙayi ne. Daga waje ba a ganin harshe, amma ciki yana ta ci. Wannan ɓoyayyen kumburi shi ne abin tsoro ga zuciya.

ABIN DA KUMBURI KE YI WA KITSE MAI KYAU

In yaƙi ya tashi a jiki, hanta takan ajiye wasu ayyukanta na yau da kullum ta koma haɗa kayan yaƙi. Daga nan abu uku ke samun jakin kwashewa.

Na ɗaya, yawansa yana raguwa. Hanta tana rage yin sinadarin da ake gina shi da shi, waɗanda ke cikin jini kuma su ƙare da wuri. Likitoci sun daɗe da lura cewa mai zazzaɓin cizon sauro, in aka auna jininsa yana cikin ciwon, kitsensa mai kyau yakan faɗi ƙasa sosai.

Na biyu, ana sauya masa kaya. Lokacin kumburi hanta tana zubo wani sinadarin yaƙi da ake kira SAA. Yawansa a jini yana iya ninkawa har sau 1,000 cikin 'yan kwanaki. Wannan sinadari kan jakin kwashewa yake hawa, ya ture mangalar. Jakin da aka ɗora wa kayan yaƙi kuwa ba shi da wurin ɗaukar taki.

Na uku, ana ji masa rauni. Fararen ƙwayoyin jini suna kashe ƙwayoyin cuta da wani ruwa mai kaifi, ɗan'uwan bilicin da ake wanke fararen kaya da shi. Wannan ruwa bai san abokin gaba ba, bai san na gida ba. In ya taɓa jakin kwashewa sai ya gurgunta shi. Sinadarin nan mai hana mugun kitse lalacewa shi ma sai ya ragu.

To, in abin ya kai haka, kitse mai kyau ya daina kwashewa, ya daina tsaro. Wani lokaci ma yakan juya ya riƙa ƙara wa wutar iska. Hausawa sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

In ciwon na ɗan lokaci ne, ba damuwa. Mutum ya warke, hanta ta koma aikinta, a haifi sababbin jakuna lafiyayyu cikin 'yan makonni. Amma in kumburin ya zauna, jakin kai kaya yana ta saukewa, na kwashewa yana kwance. Tudu sai ƙara girma yake.

Kumburi bai tsaya nan ba. Tudun maiƙon da ke bangon hanyar jini yana da wani murfi da ya lulluɓe shi. Ɓoyayyen kumburi yana cin wannan murfi a hankali har ya yi siriri. Ran da ya fashe, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe cikin 'yan mintoci. Shi ya sa mutum zai fita gona da safe lafiya lau, a dawo da shi a kwance.

YADDA AKA GANE WANNAN

Wannan ilimi ba a rana ɗaya aka same shi ba. A shekarar 1913 wani likita a Rasha mai suna Anichkov ya ciyar da zomaye kolestarol, sai ya ga hanyoyin jininsu sun yi tudu. A 1948 aka fara bin lafiyar mutum 5,209 a wani gari mai suna Framingham a Amurka. A 1977 masu wannan bincike suka bayyana cewa waɗanda kitsensu mai kyau ya yi ƙasa sun fi kamuwa da ciwon zuciya.

Daga nan sai masana suka ce, to, a nemo maganin da zai ƙara yawansa. Aka kuwa samo. Aka gwada wani magani a kan mutum 15,000 da 'yan kai. Maganin ya ƙara kitse mai kyau da fiye da kashi 70 cikin 100. Amma sai aka ga masu shan sa sun fi mutuwa. A watan Disamba na 2006 aka tsayar da gwajin. Wasu magungunan da aka gwada bayansa su ma sun ƙara yawan, amma yawancinsu ba su hana bugun zuciya ba. Ashe yawan jakuna a turke ba shi ne kai taki gona ba. Gurgu ma ana ƙirga shi. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Tun 1995 wasu masana a jihar Kalifoniya ta Amurka suka nuna dalili. Sun ɗebi jinin mutane kafin a yi musu babbar tiyata da kuma bayanta. Kafin tiyata kitsensu mai kyau yana kwantar da kumburi. Bayan tiyata, da jiki ya ɗau zafi, sai ya koma yana ƙara shi.

A 2017 aka sami wata babbar shaida. An ɗauki mutum 10,061 da suka taɓa yin bugun zuciya, waɗanda awo ya nuna suna da ɓoyayyen kumburi. Aka riƙa yi wa wasunsu allurar da ke kwantar da kumburi kaɗai, ba ta taɓa kitsen jini. Cikin waɗanda aka yi wa allurar a awon da ya dace, jimillar sake bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa ta dalilin cututtukan zuciya da hanyoyin jini ta ragu da kashi 15 cikin 100. A 2018 kuma likitocin Kanada suka nuna cewa a makon farko na mura mai tsanani, haɗarin bugun zuciya yana ninkawa sau 6.

Kada a fahimci wannan a karkace. Har yanzu mugun kitse shi ne babban mai laifi, shi da hawan jini. A asibitocin Kano hawan jini ne kan gaba wajen lalata zukatan manya. Kumburi shi ne mai taimaka musu, yana kwantar da mai gadi, yana buɗe wa ɓarawo ƙofa.

ME KE HURA WANNAN WUTA A KARKARA?

Mutumin ƙauye ba ya cin maiƙo kamar na birni. Amma abubuwan da ke kawo ɓoyayyen kumburi suna nan birjik a ƙauye.

Hayaƙin girki. Uwargida tana shiga madafa sau biyu ko uku a rana, tana hura kara da kashin shanu da ɗanyen itace, ga goyo a baya. Ƙananan ƙurar hayaƙi suna shiga huhu, su tayar da kumburin da ke bin jini ko'ina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3 da dubu 200. Kusan 1 cikin 3 daga cikinsu ciwon zuciya ne ya kashe su.

Taba. Sigari da shisha suna ƙona bangon hanyar jini, suna rage kitse mai kyau, suna sa jini saurin daskarewa. Wanda ke zaune kusa da mai sha shi ma yana samun rabonsa.

Ciwon dasashi. In dasashi yana jini, baki yana wari, haƙora suna girgiɗi, to akwai gyambo a baki wanda bai warkewa. Ƙwayoyin cuta suna bi ta nan su shiga jini. Bincike ya nuna masu wannan ciwo sun fi samun ciwon zuciya.

Cututtukan da ba a gama maganinsu ba. Zazzaɓin cizon sauro mai tafiya yana dawowa, tarin fuka, tsargiya da ke kama masu shiga ruwan dam da kududdufi, gyambon ƙafa mai daɗewa, ciwon sanyi na mata da maza. Kowannensu yana hana sojojin jiki komawa bariki. Mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau haɗarinsa na ciwon zuciya ya kai ninki biyu na wanda ba shi da ita.

Ciwon gaɓoɓi mai kumburi. Akwai wani iri da ke kama gaɓoɓin yatsun hannu biyu, su kumbura, su sandare da safe, daga baya su karkace. Ya fi kama mata. Masu shi haɗarinsu na ciwon zuciya ya ƙaru da kamar rabi.

Teɓa da ciwon sukari. Ana ganin tumbi alamar wadata ce. Amma kitsen da ke cikin ciki, kewaye da hanji da hanta, ba a zaune yake kawai ba. Yana zubo sinadaran kumburi cikin jini dare da rana. Yau babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa, injin niƙa ya maye gurbin turmi, lemon kwalba da shayi mai sukari da yawa sun shiga kowane ƙauye. Don haka teɓa ta fara bin su.

Man suya da aka maimaita. Man da aka soya ƙosai ko awara ko kifi da shi yau, aka ƙara gobe da jibi har ya yi baƙi, ya riga ya lalace. Akwai kuma wani daskararren mai na masana'anta mai rage kitse mai kyau ya ƙara mugu. A 2023 hukumar NAFDAC ta kafa doka cewa irin wannan maiƙo kada ya wuce giram 2 cikin giram 100 na mai.

ABIN DA ZA A YI

Rigakafi ya fi magani. Yawancin waɗannan matakai ba sa cin kuɗi.

1. A fitar da hayaƙi. A yi girki a fili, ko a buɗe wa madafa taga da mafitar hayaƙi a sama. A busar da itace kafin a hura. Murhu mai tsimin itace ya fi duwatsu uku. A sauke goyo nesa da hayaƙi. Maigida ne ya kamata ya tsaya a kan wannan gyara.

2. A bar taba. Cikin 'yan makonni da bari, kitse mai kyau yakan fara ƙaruwa. Bayan shekara guda haɗarin bugun zuciya yakan ragu da kusan rabi.

3. A kula da baki. Asuwaki sunna ne, kuma lafiya ne. A goge haƙora safe da dare. In dasashi ya ci gaba da jini a je asibiti.

4. A gama magani. Mai zazzaɓi ya yi awon jini, ya shanye maganin kwana 3 ko da ya ji sauƙi tun ranar farko. Kowa ya kwana cikin gidan sauro. Tarin da ya wuce mako 2 a kai shi awo. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma sai an sha shi wata 6 cur. Yaron da ke fitsarin jini ba balaga ba ce, tsargiya ce, kuma tana da magani.

5. Kada a raina ciwon maƙogwaro na yara. Wani irinsa, in ba a yi maganinsa ba, yana tayar da kumburin da ke lalata ƙofofin zuciya. Yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi a kai shi ga ma'aikacin lafiya.

6. A riƙe abincin gargajiya. Gero da dawa da ba a cika surfe su ba, wake, gyaɗa, riɗi, kifi, zogale, rama, yakuwa, kuka, kuɓewa, da 'ya'yan itace na lokaci. Dusar hatsi da yauƙin kuɓewa suna taimakawa wajen fitar da maiƙo ta hanji. A rage kitsen nama, da kakiɗe, da man shanu mai yawa, da sukari.

7. A rage gishiri. Babban mutum kada ya wuce giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda. Ɗunƙulen miya na kanti yawancinsa gishiri ne, don haka a sa shi cikin lissafi. Daddawa ta isa ba miya ɗanɗano.

8. A motsa jiki har da rani. Da damina gona ta wadatar. Amma bayan kaka da yawa sukan koma zaman majalisa. Tafiyar sauri ta minti 30 a rana, kwana 5 a mako, tana ƙara kitse mai kyau, tana kwantar da kumburi. Matan da ke cikin gida su ma suna bukatar wannan motsi.

GARGAƊI A KAN MAGUNGUNA

Wani zai ce, tunda kumburi ne, bari ya sayi maganin kumburi a kemis. Wannan kuskure ne babba. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen, waɗanda manoma da leburori ke sha kullum don gajiya, ba sa kare zuciya. Shan su kullum yana tayar da hawan jini, yana ɓata ƙoda, yana jawo gyambon ciki, yana ma ƙara haɗarin bugun zuciya. Ƙwayoyin da wasu mata ke sha don su yi ƙiba su ma suna jawo ciwon sukari da hawan jini. Haɗe-haɗen da ake ƙullawa a leda a kasuwa ko a tasha, ba wanda ya san abin da ke ciki.

Akwai magungunan da ke rage mugun kitse, kuma suna kwantar da ɓoyayyen kumburi. Ana kiran su statin. Likita ne kaɗai ke rubuta su bayan awo. Wanda aka ɗora a kan su, ko a kan maganin hawan jini, kada ya bari don ya ji sauƙi.

AWO A ASIBITI

Duk babban mutum ya auna hawan jininsa aƙalla sau ɗaya a shekara, ballantana wanda ya haura 40. Ana yin wannan a ƙaramin asibitin mazaɓa. In awo ya nuna 140 bisa 90 ko fiye, a ranaku daban-daban, to akwai hawan jini.

Awon kitsen jini kuwa sai a babban asibiti, kamar na Ɗambatta ko na Bici, ko a cikin Kano a Asibitin Murtala da Asibitin Malam Aminu Kano. A takardar, in HDL ya gaza 40 ga namiji, ko 50 ga mace, ana cewa ya yi ƙasa. Wasu ɗakunan awo suna amfani da wani ma'auni daban, inda iyakar take 1.0 ga namiji, 1.3 ga mace. Akwai kuma awon da ake kira CRP, mai nuna ko akwai kumburi a jiki.

A kiyaye abu biyu. Kada a yi awon kitse ana cikin zazzaɓi, don sakamakon ba zai nuna gaskiya ba. A bari sai an warke da 'yan makonni. Sannan wanda HDL ɗinsa ya yi sama kada ya saki jiki. Awon yawa yake nunawa, ba ya nuna ko jakunan lafiyayyu ne.

ALAMOMIN HAƊARI

In mutum ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhu, ciwon yana bin hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, ga gumi, ga numfashi sama-sama, to a kai shi asibiti nan take. Mata da masu ciwon sukari wani lokaci gajiya kawai suke ji, ko zafin ƙirji kamar na gyambon ciki. Haka nan in baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe. Kada a jira gari ya waye. A yi addu'a ana tafe a hanya. Kowane minti da ya wuce, wani yanki na zuciya ko ƙwaƙwalwa yana mutuwa, kuma ba ya dawowa.

SABABBIN KALMOMI

Kolestarol: maiƙon da ke cikin jini.
LDL: mugun kitse, mai sauke kaya a bangon hanyar jini.
HDL: kitse mai kyau, mai kwashewa ya mayar wa hanta.
CRP: awon da ke nuna kumburi a cikin jiki.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin kumburin da ake gani da ɓoyayyen kumburi?
2. Waɗanne abubuwa uku ne kumburi ke yi wa kitse mai kyau?
3. Me ya faru a gwajin da aka tsayar a 2006? Wane darasi aka koya?
4. A kawo abubuwa huɗu da ke hura ɓoyayyen kumburi a ƙauye.
5. Don me ba a son shan ƙwayar ciwon jiki kullum?

Malaman azuzuwan yaƙi da jahilci su karanta wannan darasi tare da ɗalibansu, su tattauna tambayoyin. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa iyalinsa da maƙwabtansa. Lafiya uwar jiki. Allah Ya ƙara wa kowa lafiya, amin.